Taku Takwas na Kyaftin

Layinmu baki ɗaya gare shi. Ta gabas yana buɗewa kan babban titi, ta yamma kuwa ya je ya tsaya cak a jikin katangar wata tsohuwar masaƙa mai tsawon mutum uku, bayanta layin dogo. Gida saba'in da 'yan kai ne jere hagu da dama, kuma duk abin da zai shigo mana, amarya ce ko tankar ruwa ko motar kwasar shara, ta wannan bakin zai bi. Faɗin layin taku takwas ne. Ba hukuma ce ta auna ba. Wani mutum ne ya riƙa auna shi da ƙafarsa kowace safiya har shekara talatin da huɗu, mu kuma da ya yi wa wannan wahala muka saka masa da biki da tafi da siminti.

Kyaftin muke ce masa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi saboda rurin inji, shi ya sa in kana masa magana yakan karkato maka da na dama, ido ɗaya a kanka. Lokacin yaƙi jirgin sama ya tuƙa. Yara na jin haka sai su ɗauka wuta ya riƙa zubowa daga sama, manya ma da yawa haka suka ɗauka, don ba su taɓa tambaya ba. Jirginsa na kaya ne, mai ƙaton ciki da farfela biyu. Yana tafiya da magani da barguna, ya dawo da mutanen da yaƙi ya tauna ya tofar.

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin, wata la'asar a shagonsa, ina zaune kan buhun siminti ina jiran ruwan sama ya tsagaita. Ni malamin makaranta ne a lokacin, maƙwabcinsa, kuma ina jin don ba ni da yawan tambaya ne ya zaɓe ni.

Ya ce, "Mutum goma sha tara na ɗauko, Malam, duk a kwance. Muna tsakiyar hanya injin dama ya yi tari ya mutu, na hagu ya fara hayaƙi. Dogo ya ce, Kyaftin ga titi can." Dogo shi ne mataimakinsa, mai zama a kujerar dama, wanda ya yi aure wata uku kafin ranar. "Titi ne miƙaƙƙe a gefen wani gari, gidaje duk sun ja da baya a jere, kamar don mu aka share. Na sauke shi lafiya. Taya ta taɓa ƙasa, har Dogo ya fara dariya. Ashe shago ɗaya ya fito daga jeren. Bakin fuffuken dama ya kama bangonsa, jirgi ya juya, gefen Dogo ya shige gini."

Ya kai dubansa bakin layi. Ruwa na dukan kwano.

"Goma sha taran nan duk sun rayu. Da na fito, kafin in duba jinin da ke kaina, na je na auna abin da shagon ya ƙaro. Taku biyu. Wani bawan Allah ya ga wuri ya yi masa kaɗan, ya ƙaro taku biyu don ya sami inda zai jera kwanduna. Bai san Dogo ba. Bai nufi kowa da sharri ba. Ina jin ma mutumin kirki ne."

An ba shi lambar yabo a kan wannan sauka. Na ga lambar da idona. Tana ƙarƙashin ƙafar teburinsa ta baya, wadda ta gaza sauran tsawo.

Bayan yaƙi an yi masa tayin tuƙa jirgin fasinja, ya ce ya gama da sama. Ya zo layinmu da akwatin ƙarfe ɗaya, da mata, da ɗa a goye. Ya kama wata rumfar kwano a bakin titi, daura da bakin layi, ya fara sayar da siminti buhu-buhu. Daga siminti aka shiga bulo, daga bulo aka shiga rodi da kwano da katako, har rumfa ta zama shago mai ƙofa uku da manyan motoci a gaba. Ba ya yi wa kaya ha'inci. Magina kan ce bulon Kyaftin in ya faɗo maka a ƙafa, ƙafar za a kai gyara. Kafin kowace mota ta tashi sai ya zagaye ta yana taɓa taya ɗaya-ɗaya da tafin hannu, ya leƙa ƙarƙashi, ya ja igiyar da aka ɗaure kaya. Direbobi su riƙa ƙifta wa juna ido suna cewa, "A ɗaura bel, jirgi zai tashi." Yana jin su sarai da kunnen dama, ya ci gaba da taɓa tayoyinsa.

Da ya sami halin gina gida, sai ya zaɓi fili na ƙarshe, can jikin katangar masaƙa. Matarsa ta yi mita har ta gaji: ga filaye a bakin titi, mai siminti guda zai je ya maƙale a ƙuryar da ko mai tallan gawayi ba ya kaiwa. Ya ce mata, "Duk wanda ya toshe layin nan, ni zai fara toshewa. Kin ga ba zan manta da shi ba."

A wancan lokaci layin kamar hanji yake. Wannan ya turo katanga, wancan ya haƙa ramin wanka a waje, wani ya kafa rumfar awaki, wani wurin faɗinsa bai wuce taku huɗu ba. Kyaftin ya bi gida-gida. Duk wanda ya yarda ya ja katangarsa baya, shi zai ba da bulo da siminti a sake gina ta. An zage shi, an ce so yake ya sayar da kaya, da aka ga kyauta yake bayarwa sai aka ce yaƙi ya taɓa masa kai. Shekara shida yana wannan roƙo. A ta bakwai gobara ta tashi a gidan mai wanki, gida biyu kafin nasa, da rana tsaka. Motar kashe gobara ta shigo da gudu ba tare da ta goge ko da bango ɗaya ba, ta tsaya a ƙofar gidan, aka fito da yara uku ta taga suna tari. A makon nan muka taru muka ce shi ne shugaban ƙungiyar layi. Ya ce ya karɓa da sharaɗi ɗaya: taku takwas, daga bakin titi har katangar masaƙa, ba a rage ko tafin hannu.

Daga ranar, kullum da sassafe za ka gan shi da guntun alli a aljihu. Wuri biyar yake tsayawa, ya jingina diddige da bangon hagu, ya taka zuwa na dama yana motsa leɓe. In ya sami abin da ya shigo, ya zana masa alama, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na taɓa tarar da su shi da mai nama, wanda ya kwana ya tashi da sabon dakali a ƙofar gida.

"Haba Kyaftin, ɗan dakali ne fa, ko taku guda bai kai ba. Jirgi ne zai sauka a nan?"

"Ka san ranar da zai sauka?"

"Layin da ko kaza ba ta tashi a cikinsa!"

"To ka fasa shi kafin kazar ta koya. In ba ka da guduma, akwai a shago. Ita kaɗai ce kayan da nake ba da aronta."

Gudumar nan kowa ya san ta. Tana jingine a bayan ƙofar shago ta tsakiya, ƙotarta ta yi santsi saboda hannuwan maƙwabta masu fushi. Har a kan gidansa ta yi aiki. Babban ɗansa, wanda muke kira Manaja tun kafin ya zama, ya sayi mota ya zuba mata gangaren siminti a ƙofar gida lokacin da uban ya yi tafiya. Kyaftin ya dawo, ko ruwa bai sha ba, ya fasa gangaren da hannunsa a gaban abokan yaron. Manaja ya juya ya shige gida. Bai kuma manta ba.

Ya yi mana wasu abubuwa da yawa. Ya sasanta ma'aurata, ya sa an haƙa kwata, ya zauna a asibiti da marasa kowa. Amma in za a faɗi gaskiya, mun gaji da shi. Shekara talatin da huɗu mutum yana ƙwanƙwasa maka ƙofa kan tukunyar fure ko tsohuwar taya. Gobarar gidan mai wanki ta tsufa, yaran da aka fitar ta taga sun yi 'ya'ya. A bayan idonsa Taku Takwas muke ce masa, muna dariya. Muna ƙaunarsa kamar yadda ake ƙaunar agogo mai ƙararrawa.

Matarsa ta riga shi tafiya da shekara biyu. Yana da shekara saba'in da takwas ɓarin jikinsa na dama ya shanye, wata safiya a tsakiyar layi, allin na hannunsa. Ya rayu, amma magana ta tafi. Abin da ya rage masa ido biyu ne da hannun hagu. Aka kwantar da shi a ɗakinsa na ƙuryar layi, mai taga ɗaya da ke kallon katangar masaƙa. Manaja ya karɓi shago. Ƙungiya kuma ta koma hannun Sakatare, wani tsohon akawu mai biro uku a aljihun gaba, wanda in ya tashi yin godiya sai shayi ya huce.

Shi ya kawo shawarar, a taron da muka yi a ajina na da.

"Jama'a, bawan Allahn nan ya yi mana komai. Sai mun jira ya mutu sannan mu karrama shi? A gina masa ƙofa a bakin layi. Ƙofar da duk mai wucewa a titi zai rage gudu ya kalla. A ɗora jirgi a kai."

Aka yi tafi. Manaja ya miƙe ya ce siminti da rodi nasa ne, kuma a yi ginshiƙai masu kauri, kada a ce ɗan mai siminti ya yi wa ubansa rowa. Aka sake tafi. Sai Sakatare ya juyo gare ni ya ce, tunda Malam na taɓa waƙa, ya rubuta mana baiti huɗu a zana a jikin ginin. Na ji daɗi. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya zaci ina tsaye a gefe ina nuna mutane da yatsa. Na kwana uku ina gyaran baitocin nan. Da magini ya ce bangon gefe ba zai ɗauke su da manyan haruffa ba, ni na ce a ƙara masa faɗi. Aka ƙara taku ɗaya. Sannan aka ce ɗaya gefen ma a daidaita shi, don a rubuta sunayen 'yan kwamiti.

Ni ne mutum ɗaya a layin nan da ya san labarin Dogo.

Mako shida ana gini. Mutum ɗari huɗu suna wucewa ta wurin safe da yamma, kowannensu an taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa kan abin da bai kai tafin hannu ba. Mai walda kaɗai ya buɗe baki, ranar da aka kira shi ya haɗa ƙarfen da za a zuba jirgin a kai. Ya tsaya ya dubi tsakanin ginshiƙan, ya dubi sama, ya ce, "Sakatare, babbar mota za ta wuce nan kuwa?"

"Tawa ta wuce. Ta Manaja ta wuce. Kai da ko keke ba ka da shi, me ya dame ka?"

"Tankar ruwa fa?"

"A ja tiyo. Kai dai yi waldarka, ba kai ne injiniya ba."

Ya ja gilashinsa ya rufe ido, ya yi waldarsa. Ba wanda ya je ƙuryar layi ya gaya wa Kyaftin. So muke mu ba shi mamaki.

Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an jera kujeru, an lulluɓe saman ƙofar da farin yadi. Autarsa ta iso da safiyar nan daga garin da take aikin jinya, ta shigo a ƙaramar motar haya tana barci, ba ta lura da komai ba. Ita ta yi masa wanka, ta sa masa riga mai guga, ta turo shi a keken guragu tun daga ƙurya. Na ga idonsa tun daga nesa yana bin bangon hagu da na dama, yana aikin da ƙafa ta daina. Da suka kawo kusa sai wuyansa ya miƙe.

Sakatare ya yi jawabi. Aka ja yadi. Ga jirgi na siminti an shafa masa fenti ruwan toka, an rataye shi ƙarƙashin gadar ƙofar da hanci a ƙasa kamar zai kai hari, cikinsa ya sauko har dogon mutum zai iya taɓawa da hannu. Ƙarƙashin kowane fuffuke mai fenti ya ƙara bama-bamai uku-uku, kyauta, don abin ya yi kwarjini. Mutumin da bai taɓa jefa ko da tsakuwa daga sama ba.

Amma ba jirgin yake kallo ba. Ƙasa yake kallo, tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Ya ɗaga hannun hagu ya daki hannun keken. Ɗaya, biyu, uku. Ya tsaya. Ya sake. Ɗaya, biyu, uku. Bakinsa ya karkace, wani sauti na fita mara kalma, hawaye na bin gefen da ya shanye.

Sakatare ya ɗaga lasifika ya ce, "Allahu Akbar! Jama'a ku duba, Kyaftin da kansa yana tafi!"

Muka tafa masa. Ni ma na tafa.

Auta ce ta saki keken. Ta cire takalmanta masu tsini, ta je ta jingina diddige da ginshiƙin hagu a gaban manyan baƙi, ta taka. Uku. Ta juyo ta dubi Manaja.

"Yaya, me kuka yi?"

Manaja ya matso yana murmushin dole. "Ke Auta, ba yanzu ba. Mutane na kallo."

"Su kalla mana, ai ginin kallo kuka yi! Ina sauran biyar ɗin?"

"Don shi muka yi. Kin san buhu nawa..."

"Ban tambaye ka buhu ba. Motar asibiti za ta shiga nan?"

"Wa yake maganar asibiti ranar farin ciki? Ke kullum bakinki ba alheri."

"Ga mai gidan can a keke, Yaya, ba ya iya haɗiye ruwa sai an tallafe masa kai. Wa kake so ya yi maganar asibiti, mai fenti?"

Sakatare ya shiga tsakani yana cewa 'yata, 'yata, a yi haƙuri, za a duba. Kwamiti zai zauna. Aka ƙara ƙarar kiɗa. Ta tura ubanta suka koma ƙurya, hannunsa bai daina dukan keken ba har suka ɓace.

Kwamiti ya zauna, ni ma ina ciki. An ce abin kunya ne a fasa gini kwana uku da buɗewa, baƙin da suka zo me za su ce. An ce a bari bayan damina. An ce yarinyar ta daɗe a wani gari, ta manta yadda ake magana da manya. Na buɗe baki zan ba su labarin Dogo, sai na tuna baitocina suna jikin bangon da za a fasa, na ce lallai a duba lamarin da natsuwa. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan. Natsuwa.

Auta ba ta koma aiki ba, ta ɗauki hutu. Kullum sai ta je shago ta yi wa yayanta magana, kullum sai ya ce gobe.

Kwana goma sha ɗaya bayan biki, wajen ƙarfe ɗaya na rana, ciwon ya dawo. Auta ta gane alamun tun kafin ya gama faɗuwa kan matashi, ta buga waya. Ba a yi minti goma sha biyar ba muka ji jiniya a titi. Motar ta karyo kwana, ta tsaya a gaban sabuwar ƙofar bakin layi. Direban ya leƙo ya dubi jirgin, ya girgiza kai.

"Ba za ta shiga ba. Ku kawo shi nan."

Sakatare na wurin, don shagon da yake shan shayi a bakin layi yake. Ina jin ya ga ranar da zai wanke kansa ce ta zo. Ya shiga gaban motar yana yafito ta da hannu biyu. "Za ta shiga! Mun auna! Naɗe madubi kawai, taho, taho, kaɗan-kaɗan. Gidan na can ƙurya, mutumin ba ya iya tafiya."

Direba ya naɗe madubai, ya taho. Kan motar ya wuce. Sai muka ji ƙara kamar an yaga kwano. Fitilar saman ta tarwatse, rufin ya shige ƙarƙashin cikin jirgin ya cije. Direba ya taka gaba, taya na juyi a banza. Ya sa baya, haka. Ƙofofin gefe sun manne da ginshiƙai, shi kansa ta tagar gaba ba zai iya fita ba. Motar da ta zo ceto ta zama murfin kwalba. Ƙofarta ta baya, inda gado da iskar numfashi suke, tana ɓangaren titi. Mu da marar lafiya muna ciki.

Mun ɗauko shi a kan ƙyauren ɗakinsa, wanda mai walda ya ɓalle da ƙarfe, mu shida. Taku ɗari uku da wani abu ne daga gidansa zuwa bakin layi, kuma duk tsawon nan faɗinsa takwas ne cif, ba tukunya, ba dakali, ba abin da ya taɓa mana gwiwar hannu. Muka zo bakin ƙofar muka tsaya. Ta gefe ko yaro ba zai ratsa ba. Ta sama jirgi. Muka ajiye shi a ƙasa, a rana, mata suka kama zane suka yi masa inuwa. Auta ta durƙusa tana riƙe da haɓarsa don hanyar numfashi ta buɗe, tana kiran abin da take buƙata da sunansa, ma'aikacin jinyar da ya zo da motar na jin ta daga bayanta, taku biyar tsakaninsu, ba yadda zai miƙo.

Maza suka tura, motar ba ta motsa ba. Aka kawo igiya aka ɗaura wa motar shago ta ja, igiya ta tsinke. Manaja na ɗaya ɓangaren, ina jin muryarsa yana ihu a kawo guduma, a kawo guduma, wani ya ce in aka daki jirgin a kan direba zai faɗo. A ƙarshe mai faci ne ya kutsa ƙarƙashi ya sace iskar tayoyin huɗu, motar ta ɗan zauna, aka tura ta baya tana kuka. Minti arba'in da biyu. Auta ce ta duba agogo, ba ni ba.

Duk wannan lokaci idonsa a buɗe yake. Ta gefen zanen yana kallon cikin jirgin siminti da bama-bamansa shida. Hannun hagun yana kan katako, yatsa na motsi kaɗan-kaɗan. Ban ƙirga ba. Ban iya ba.

Motar asibiti ba iska a taya, sai aka sa shi a bayan motar siminti, kan buhunan da babu komai, aka ɗauko tukunyar iska aka hau da ita. Ba wanda ya zagaye motar ya taɓa taya. Ya cika kafin su kai, kansa a cinyar Auta, farar ƙura a gashinsa. Likita ya ce ba wanda zai iya rantsewa cewa da an zo da wuri zai tashi. 'Yan kwamiti sun riƙe wannan magana kamar takardar sallama, suna maimaita ta a wurin gaisuwa. Na tambayi Auta. Ta dube ni ta ce, "Kawu, aikina ke nan shekara goma sha biyu. Kada ka sa in faɗa maka."

Mako guda bayan nan Sakatare ya zo da mai fenti da tsani, za a ƙara shekarar rasuwa ƙarƙashin sunansa a jikin ƙofar. Har an buɗe gwangwani sai ga Auta ta tsallako titi daga shago, tana jan gudumar a ƙasa, don ta fi ƙarfin ta ɗaga ta a kafaɗa.

"'Yata, mene ne haka? Wannan fa shi ne abin tunawa da mahaifinki."

"Matsa, Baba Sakatare, kada in same ka."

Ta ɗaga da ƙyar ta daki bangon da baitocina suke. Gudumar ta yi tsalle ta dawo, ko ɓarɓashi bai zubo ba. Simintin Kyaftin ne, ba a yi masa ha'inci ba. Ta sake, ta sake, har tafin hannunta ya fashe. Mutane sun taru suna kallo kamar yadda suka kalli ginin yana tashi. Na je na karɓa daga hannunta. Shekarata saba'in da ɗaya, na yi duka huɗu, na ci harafi ɗaya daga baitin farko, numfashina ya ƙare. Mai walda ya karɓa. Bayansa mai nama ya tofa yawu a hannu ya shiga duka kamar yana da tsohon bashin fushi da ginin. Manaja na tsaye a ƙofar shago tun farko, hannu a aljihu. Can ya juya ya shiga ciki, muka zaci ya gudu. Ashe waya ya je bugawa. Kafin la'asar katafila ta iso. Shi ya nuna wa direbanta inda zai fara, kuma da jirgin ya faɗo ya rabe biyu, bai kau da kai ba.

Aka kwashe ɓaraguzai kwana biyu. Da aka share, na jingina diddige da bangon hagu na taka. Takwas.

Auta ta koma aikinta. Kafin ta tafi ta aiko mini da wani abu ƙunshe a takarda, na buɗe na ga guntun alli ne, wanda aka samu a aljihun rigarsa. Ba wasiƙa, ba gaisuwa. Na gane ba kyauta ba ce.

Wata huɗu ke nan. Yau da safe na fita na auna a bakin layi, daidai inda ginshiƙin dama ya tsaya a da. Bakwai da rabi. Wani ya zuba ɗan siminti mai kyau, an goge shi sumul, an ɗora tebur na sayar da katin waya. Na san mai shi, ɗan mai wanki ne, na tsakiya cikin ukun da aka fitar ta taga. Yaron kirki, yana gaishe ni har ƙasa.

Na sunkuya, gwiwata na ƙara, na zana alamar. Sannan na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa.